Zaizayar ƙasa da gurɓacewar ruwa: ina ikon ƙaramar hukuma ya fara, ina ya tsaya?

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, tambayoyin da jama'a ke yi wa ciyamomi da kansiloli suka sauya. A da amsa ɗaya ce ke rufe bakin kowa, wato kuɗi na hannun gwamna. Yanzu wanda kwari ya kusa cin katangarsa, da wadda ruwan rijiyarta ya sauya launi, suna ganin lokaci ya yi da sakatariya za ta amsa kira.

Sai dai hukuncin ya taɓa hanyar da kuɗi ke bi ne kawai. Bai ƙara wa ƙaramar hukuma ko layi ɗaya ba a jerin ayyukan da tsarin mulki ya ba ta, kuma aiwatar da shi ma har yanzu tafiyar hawainiya yake yi. Saboda haka kafin mutum ya ɗauki takardar koke, yana da kyau ya san wane ɓangare na matsalar ke hannun ƙaramar hukuma, wanne ke hannun jiha, wanne kuma sai Abuja.

Yadda ƙasa ke tafiya, da inda take zuwa

Zaizayar ƙasa iri-iri ce. Akwai wadda ba a cika lura da ita ba, inda ruwan sama ko iska ke kwashe saman ƙasar gona kaɗan-kaɗan, manomi ya ga amfani na raguwa shekara bayan shekara bai san dalili ba. Akwai kuma wadda kowa ke gani, inda ruwa ke taruwa a hanya ɗaya ya tsaga ƙasa, tsagar ta zama kwari, kwarin ya zama kwazazzabo mai cin gidaje da maƙabartu da tituna. Kwazazzabo baya yake ci. Kowace damina bakinsa na sama na ruftawa, yana matsowa wajen da ruwan ke fitowa.

A Arewa abubuwa biyu ne suka haɗu. Ƙasar wurare da yawa mai yashi ce, ba ta da danƙo. Ruwan farko kuma yakan sauko da ƙarfi a kan filin da rani ya bari tsirara, an kwashe kara da harawa, dabbobi sun cinye saura. A cikin gari akwai ƙari. Duk rufin kwano da duk tsakar gidan da aka dafe da siminti na hana ruwa nutsewa, sai ya tattaru ya fita titi gaba ɗaya. Garin Gombe, da ke zaune a gindin tudu kan ƙasa mai saurin ruftawa, ya daɗe yana fama da irin wannan. Sau da yawa ma aikin gwamnati ne ke haifar da kwarin: a gina lambatu ko kwalbati, a tara ruwan unguwa guda a ciki, sannan a tsayar da aikin a bakin gari ba tare da an kai ruwan rafi ko an rage masa ƙarfi ba. Daga wannan bakin lambatun sabon kwari ke farawa.

Ƙasar da ruwa ya kwashe ba ɓacewa take yi ba. Takan sauka a rafuka da madatsun ruwa ta zama laka, ta rage zurfinsu, ta ƙara wa hukumar ruwa kuɗin tacewa. Tana kuma tafiya da duk abin da ta tarar a hanya, kamar takin zamani, maganin feshi, kashin mutane da na dabbobi, jinin mahauta da baƙin man gareji. Wannan ne ya sa dokoki ke haɗa zaizayar ƙasa da ingancin ruwa wuri guda.

Shi kuwa ingancin ruwa, ido ba ya iya tantance shi. Ruwa na iya zama garau yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara ko taifot, ko sinadarai irin su dalma. Nijeriya na da ma'aunin ruwan sha na ƙasa tun 2007, wanda ya fayyace iyakar abin da aka yarda a samu a ruwan da za a sha. Ma'aunin na nan a rubuce, amma yawancin rijiyoyin gida da burtsatsen da 'yan garuwa ke ɗiba ba a taɓa gwada su da shi ba.

Dokoki hawa uku

Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ce wajibi ne hukuma ta kare muhalli, ta kiyaye ruwa da iska da ƙasa. Amma sashen na cikin babi na biyu, wanda tsarin mulkin da kansa ya ce ba a kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye. Manufa ce, sai an yi wata doka ta ba ta haƙora.

A matakin tarayya akwai dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992, da dokar albarkatun ruwa ta 1993, da NESREA, hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, da aka kafa a 2007. NESREA ta fitar da ƙa'idoji da dama da suka shafi wannan batu kai tsaye: na kare fadamu da gaɓar koguna da bakin tafkuna a 2009, na zaizayar ƙasa da ambaliya a 2011, da na ingancin ruwan saman ƙasa da na ƙarƙashinta, shi ma a 2011. Ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya da kuma ma'adinai duk suna cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka.

Jiha kuma ita ke riƙe da ƙasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. A 2003, a shari'ar da Legas ta shigar, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jiha ne. Shi ya sa a Kano hukumar KNUPDA ce ke amincewa da taswirar gini, REMASAB ke kwashe shara a birni, hukumar ruwa ta jiha ke tafiyar da matatun Tamburawa da Challawa.

Ƙaramar hukuma ce ta uku. Sashe na 7 na tsarin mulki ya tabbatar da wanzuwarta, amma ya bar wa majalisar dokokin jiha ta tsara yadda za ta kasance da yadda za ta yi aiki. Kansiloli na da ikon yin dokar cikin gida, ciyaman ya sa hannu, a gurfanar da mai saɓa mata gaban kotu. Sharaɗin shi ne kada dokar ta ci karo da ta jiha ko ta tarayya, kuma kada ta fita daga ayyukan da aka ba ƙaramar hukuma.

Abin da ke hannun ƙaramar hukuma

Jadawali na huɗu na tsarin mulki bai ambaci zaizayar ƙasa da suna ba, kuma wannan ne ke sa wasu su ɗauka ba ruwan ƙaramar hukuma da ita. Amma idan aka karanta jerin da kyau, yawancin abubuwan da ke haifar da matsalar na ciki. An ba ta ginawa da kula da tituna da magudanan ruwa. An ba ta bayan gida na jama'a da zubar da shara da ƙazantar ruwa. An ba ta mahauta da kasuwanni da tasoshin mota da maƙabartu. An kuma ce ta shiga cikin raya noma da albarkatun ƙasa, ban da haƙar ma'adinai, da kuma kula da lafiya.

Ga kuma ikon da ba a cika magana a kansa ba. A wajen yankunan da gwamna ya ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallakar fili ta gargajiya, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, ba tare da ta nemi yardar gwamna ba. Wanda ke da ikon ba da fili yana da ikon cewa ban da wannan gaɓar rafin, ban da wannan hanyar ruwan, ban da wannan burtalin.

Idan aka haɗa waɗannan, ƙaramar hukuma na iya yin dokoki masu ma'ana sosai. Tana iya hana zuba shara a lambatu da kwari. Tana iya hana cike kududdufi don yanka filoti, tunda kududdufan tsofaffin garuruwa irin Kano da Zariya da Katsina, waɗanda asalinsu ramukan ɗibar ƙasar gini ne, su ke riƙe ruwan sama idan ya sauko da yawa. Tana iya tsayar da tazara tsakanin masai da rijiya. Shawarar da masana lafiya suka fi bayarwa ita ce mita 30, kuma gindin ramin masan ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake. Tana iya tilasta wa mahauta haƙa ramin tara jini da tumbi maimakon sakinsu a kwata. Tana iya ware zirin ƙasa a bakin rafi da ba a nomawa, a bar ciyawar jema da gamba su riƙe gaɓar.

Masu aiwatar da irin waɗannan dokoki su ne ma'aikatan duba-gari. Dattawa na tuna zamanin En'e, lokacin da duba-gari ke shiga gida ya leƙa randa da masai, mai unguwa na biye da shi. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aikin ya koma hannun sabbin majalisu, kuma a 2002 an yi dokar kafa majalisar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista. Aikin na nan a doka, amma a wurare da yawa ma'aikatan sun yi kaɗan, babu abin hawa, babu kayan gwajin ruwa, tarar da ke cikin tsofaffin dokoki kuma hauhawar farashi ta cinye ta.

Cewa wannan matakin na iya aiki ba zato ba ne. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta kawo ƙarshen bahaya a fili, kuma an kai ga haka ne ta hanyar tantance ƙananan hukumominta 27 ɗaya bayan ɗaya, ƙauye bayan ƙauye, da hannun dagatai da kwamitocin unguwa.

Inda hannunta ba ya kai

Yashi ne misali mafi rikitarwa. Ɗibar yashi a gindin rafi na zurfafa shi, gaɓa ta rufta, gonakin fadama su tafi, ginshiƙin gada ya fito fili, rijiyoyin kusa su ƙafe da wuri. Mutanen ƙauye na ganin tifa na shiga da fita, su kai kuka wajen ciyaman. Amma dokar ma'adinai ta 2007 ta sa lasisin fasa dutse da ɗibar yashi na kasuwanci a hannun tarayya, yayin da dokar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon ba da izinin ɗibar yashi da tsakuwa da yumɓu don gini a wasu filaye. Tsakanin waɗannan biyun, ƙaramar hukuma ba ta da ta cewa kan lasisi. Abin da ya rage mata shi ne hanyar da tifa ke bi, da kuɗin shiga da wasu majalisun ke karɓa a kan kowace mota. A nan ne amfaninta ke karo da aikinta, domin majalisar da ke cin kuɗin tifa ba za ta yi saurin neman a dakatar da ɗibar ba.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya nuna iyakar wannan rabe-raben. Fiye da yara 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta shiga ƙasa da kududdufai da rijiyoyi. Ma'adinin na tarayya ne a doka, gidajen da rijiyoyin kuma na ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukuma, kuma babu wanda ya tsaya a tsakani har sai da mace-macen suka jawo hankalin ƙungiyar likitoci ta MSF.

Masana'antu ma haka. Ruwan da kamfanonin jima ke saki a Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano na ɗauke da sinadarai masu nauyi, musamman kuromiyam da ake jeme fata da shi. Na Bompai na bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, wadda ta riga ta kwaso ƙazantar cikin birni, su gangara madatsar Wasai, kuma a hanya masu lambu na ban-ruwa da shi. Hukunta kamfani aikin NESREA ne da ma'aikatar muhalli ta jiha. Ƙaramar hukumar da ruwan ya ratsa za ta iya rubuta takarda ne kawai.

Sai batun awon igiya. A gefen manyan garuruwa, gonaki na zama unguwanni ba tare da taswirar hukuma ba, mai gona da dillali su yanka, mai unguwa ya shaida. Ba a barin hanyar ruwa, wani lokaci ma a kan hanyar ruwan ake yankawa. A doka yankin na hukumar tsara birni ta jiha ne, amma takan iso ne bayan an gama gini. Ƙaramar hukuma na kusa, tana gani, amma izinin gini ba nata ba ne. Yawancin kwarurrukan da ke cikin sababbin unguwanni daga wannan giɓin suka fito.

Batun kuɗi

An kafa asusun kula da muhalli a 1981 don irin waɗannan matsaloli. A tsarin rabon da ake bi, kashi 2.32 cikin ɗari na asusun tarayya ne ke tafiya can: kashi 1 na gwamnatin tarayya, 0.72 na jihohi, 0.60 na ƙananan hukumomi. Wato ƙananan hukumomi na da nasu kason da sunan muhalli, sai dai shekara da shekaru yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma da wuya a sami majalisar da ke nuna wa jama'a inda ya shiga. Tarihin asusun ma ba mai daɗi ba ne. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, kan karkatar da sama da naira biliyan ɗaya na kuɗin muhallin jiharsa, kafin a yi masa afuwa a 2022.

Manyan ayyukan gyaran kwazazzabai kuwa da rancen Bankin Duniya aka yi su. Shirin NEWMAP ya fara a 2012 da dala miliyan 500 a jihohi bakwai na Kudu, daga baya ya faɗaɗa zuwa wasu jihohin Arewa ciki har da Kano da Gombe, ya ƙare a 2022. Magajinsa ACReSAL, mai dala miliyan 700, an amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya. Duka biyun ta ofisoshin jiha ake tafiyar da su. Wannan ya nuna girman kuɗin da gyaran kwazazzabo ɗaya ke ci, wanda ya fi ƙarfin kasafin yawancin ƙananan hukumomi. Amma idan ɗan kwangila ya tattara kayansa, yashe lambatun da hana zuba masa shara na komawa kan ƙaramar hukuma ne, kuma aikin biliyoyi na iya lalacewa cikin 'yan daminu idan ba a yi wannan ba.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu son a ƙara wa ƙananan hukumomi iko na cewa kwari na farawa ne da tsagar da buhunan yashi kaɗan da aikin gayya za su tare, kuma kansila da mai unguwa ne ke ganinta a wannan matakin. Kafin takarda ta kai ma'aikata a babban birnin jiha, damina biyu sun wuce. Suna son a ba majalisu ikon dakatar da gini a hanyar ruwa, da kuma ta cewa kafin a ba da lasisin yashi a yankinsu.

Masu goyon bayan jiha na amsawa da cewa ruwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Birnin Kano kaɗai ƙananan hukumomi takwas ne, kuma Jakara na ratsa da yawa daga cikinsu. Idan ta sama ta gina lambatu ta sako ruwa, ta ƙasa ce ke ɗaukar ɓarnar. A ganinsu dole a tsara aiki bisa yadda ruwa ke gangara, kuma injiniyoyin da za su iya wannan lissafi suna jiha. Suna kuma nuna cewa ciyaman mai neman ƙuri'a zai yi wuya ya rushe gidan maƙwabcinsa.

Duka hujjojin biyu na da nauyi, kuma ba aiki ɗaya suke magana a kai ba. Na farko rigakafi yake nufi, na biyu gyara da babban tsari. Inda dokokin yanzu suka gaza shi ne ba su wajabta wa matakan biyu su haɗu a kan taswirar ruwa ɗaya ba. Yunƙurin tarayya na sabuwar dokar albarkatun ruwa, wanda ya sha tasowa a majalisa tun 2018, ya ci tura ne saboda jihohi da ƙungiyoyi da dama sun ga kamar ƙwace iko da gaɓar koguna ake son yi.

Akwai ra'ayi na uku, na masu cewa tara kaɗai ba ta riƙe ƙasa. Suna kafa hujja da Maraɗi da Damagaram a Nijar, inda tun shekarun 1980 manoma suka riƙa barin kututturan gawo da sauran itatuwa su tofo a gonakinsu, har ake ƙiyasta an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5. Babban abin da ya taimaka shi ne sassauta dokar daji, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba.

Abin da zai taɓa talaka

Idan majalisu suka fara tsaurara dokokinsu, nauyin ba zai faɗa kan kowa daidai ba. Mai filoti ƙarami a unguwar awon igiya ba shi da mita 30 da zai raba masai da rijiya, ko ya raba a gidansa masan maƙwabci na jikin katanga. A irin wannan unguwa dokar tazara ba za ta yi aiki ba sai an haɗa ta da ruwan famfo ko burtsatse na unguwa da aka haƙa nesa kuma ake gwadawa. Mai lambu a bakin rafi zai rasa 'yan kunyoyin da suka fi kowanne ni'ima idan aka ware zirin gaɓa, sai dai idan an bar masa yankan ciyawar da amfanin itatuwan da aka dasa a wurin. Hana ɗibar yashi a kusa zai ɗaga kuɗin tifa, kuɗin bulo ya bi shi, kuma matasan da ke lodi za su rasa na cefane. Hanyar da ta fi sauƙin karɓuwa ita ce ware wuraren da aka yarda a ɗiba, nesa da gadoji da gonaki, da rufe ɗiba a wasu watanni.

Wanda ya sayi fili a hanyar ruwa shi ya fi kowa shiga haɗari, domin takardar dillali da shaidar mai unguwa ba sa hana rusau, kuma diyya a dokar 1978 ta fi tabbata ga mai takardar mallaka da hukuma ta sani. Kafin biyan kuɗi, zuwa ganin filin ana tsakiyar ruwan Agusta da tambayar tsofaffin manoman wurin inda ruwa ke bi na da amfani kamar duba takardu.

Game da inda za a kai koke, toshewar lambatu, bola a kwari, ƙazantar mahauta da masan da ke tsiyaya kusa da rijiya na sashen lafiya da na ayyuka ne a sakatariya. Gini a hanyar ruwa cikin birni na hukumar tsara birane ta jiha ne. Ruwan kamfani na ma'aikatar muhalli da ofishin NESREA na jiha ne, babban kwazazzabo na ma'aikatar muhalli da ofishin ACReSAL, lasisin yashi kuma na jami'in ma'adinai na tarayya da ke jihar. A kowanne daga ciki, koken da ya fito a rubuce daga kwamitin unguwa, da sa hannun dagaci da kwafi zuwa ga kansila, ya fi saurin samun amsa, kuma jama'a na da damar neman a nuna musu nawa majalisarsu ta karɓa da sunan muhalli a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, duk da cewa wasu jihohi sun daɗe suna jayayya kan ko dokar ta hau kansu, kafin Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a 2025.